Takardar Ƙosai

Ni ne akawun Alhaji Ɗanbaba,
mai siminti da kwano a Ƙofar Guga.
Shekara tara ina riƙe da baƙin littafi,
bangonsa ya sha gumin hannuna har ya yi laushi.
Sai ɗan Alhaji ya dawo daga karatu,
ya ce zamanin takarda ya wuce,
lissafi yanzu gajimare ake kai shi,
can gara ba ta ci, gobara ba ta kai.
Na ɗaga kai. Sama fayau, ko alamar hadari babu.
Aka yi mini dariya, na taya su.

Kalmar sirrin kuwa lambar motar Alhaji ce,
wadda duk yaran unguwa sun haddace.
Na rubuta ta a bayan kalanda don kada in manta.
Mu shida muka san ta:
ni, da Alhaji, da ɗansa, da mai sito, da direba,
da Mudassiru da aka sallama tun kafin azumi
kan buhu huɗu da suka yi ƙafa.
An karɓe makullin shago a hannunsa gaban kowa.
Wancan makullin da ba ya ƙara a aljihu,
babu wanda ya tuna da shi.

Ran wata Laraba, ana kiran La'asar,
saƙo ya faɗo wayata:
yau za a rufe asusunku, danna nan.
Ina saurin alwala. Na danna.
Wata murya mai ladabi ta kira,
ta gaishe ni har da tambayar iyali,
ta ce, karanto mini lambobi shidan da suka shigo.
Na karanto dalla-dalla, har na maimaita.

Da safe kwamfuta ta buɗe ido, ba ta san ni ba.
Sunayen masu bashi, ɗari uku da 'yan kai,
sun koma kamar sawun kaji a taɓo.
Can ƙasa an rubuta kuɗin fansa.

Ɗan Alhaji ya ce kada a damu, akwai kwafi.
Ina kwafin? A gajimaren dai,
rumbu ɗaya, murfi ɗaya,
wanda ya kwashi hatsi ya haɗa da iri.
Muka zaro faifan ajiya daga durowa,
wanda ba a sake waiwaya ba tun makon da aka sayo shi:
lissafin damina biyu da suka wuce,
da hotunan walimar sabon gida.

Alhaji bai yi faɗa ba.
Ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar.

Labari ya riga mu isa kasuwa.
Masu gaishe mu da safe suka koma bin ɗaya tsallaken,
sai Malam Ɗantsoho magini
da ya jingine kekensa, ya ce,
buhu goma sha bakwai ne a wuyana, rubuta.
Na rasa inda zan rubuta.
Na yagi bakin buhun siminti.

Baƙin littafin fa?
Tun bara na ba Iya Tasalla don naɗe ƙosai.
Shekaranjiya na sayi na ɗari biyu,
na cinye, zan jefar da takardar,
mai ya ratsa ta har ana hango hasken rana,
sai ga rubutuna:
Haladu na Rafin Daɗi, kwano bandir uku, saura…
Saura nawa, yaji ya rufe.

Yanzu kalmar sirri doguwa ce, kowa da tasa,
kwafi ɗaya yana kwana a gidana,
duk Juma'a nakan buɗe shi in ga ko yana numfashi.
Amma kullum da sassafe ina kan layin ƙosai,
ba don yunwa ba.
Na roƙi Iya ta sayar mini da abin da ya rage,
ta ce kyauta ba ta komawa gida,
mai so ya sayi ƙosai.

Shafi goma sha ɗaya na tara.
Ta ce littafin ya kusa ƙarewa.